Ƙafafun 'Yan Benci

Musun nan naku na daɗe ina jin sa. Kullum bayan la'asar, ina shimfiɗa tabarmata a gefen fili ina jera kayan aiki, ku kuma kun dunƙule a kan waya ɗaya. Wannan ya ce ƙungiyoyin ƙwallon kwando na da sun fi, wancan ya ce na yanzu ko mutum na goma sha biyu aka saka zai iya cin wasa. Kuna ta kiran sunayen 'yan Amurka waɗanda ban taɓa riƙe ƙafar ko ɗaya daga cikinsu ba. Jiya kuma Bashir, ɗalibin nan da ya zo mana daga Zariya karatun shari'a, ya dube ni yana dariya ya ce, "Baba, kai dai ka huta. Shafa mai kawai, a ba ka kujera a gaba ka sha kallo." Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauki aikin kafin in sa hannu a cikinsa. Amma tunda kuna son sanin bambancin 'yan wasan da da na yanzu, ku matso. Na Amurka ban san su ba. Na garin nan namu na Umdurman kuwa, zamani uku ne suka wuce ta tafin hannuna.

Sunana Haruna, a fili ana ce min Ammu Harun, wato baffa Haruna da Larabci. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina zai je Makka, ya je ya dawo, da ya iso bakin kogin nan sai ya ajiye kaya bai ƙara ɗauka ba. Sana'ar gidanmu ɗori ce. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Ɗanjuma, shi ne maɗorin unguwa, Larabawa na ce masa basir, kuma a wurinsa na tashi. Bai fara ba ni ƙafar mutum ba. Wurin mahauta yake aika ni in karɓo ƙafafun awaki, ya cusa ɗaya a cikin buhun gero, ya ce in zura hannu in gaya masa inda gaɓa take da inda ya fasa ƙashin. In na leƙa sai ya ɗan buge min ƙeya. "Kumburi zai rufe maka komai, Haruna," in ji shi. "Ran da aka kawo maka mutum, ba abin da za ka gani sai fata. Yatsunka za su gaya maka sauran." Na daɗe a kan buhun geron nan, har na fara mafarkinsa.

Ƙafar ɗan ƙwallo ta farko da na riƙe, a kan karo aka kawo ta, amalanken jakin nan da ake ɗaukar kaya. Mai ƙafar ya fi karon tsawo, dugadugansa na jan ƙasa, yara na biye da su suna ihu. Sunansa Abdulƙadir. Da aka kwantar da shi a angarib, gadon igiya na ɗakin Kawu, sai da aka kife turmi aka tallafi sawayensa, don gadon a gwiwarsa ya ƙare. Tare da shi akwai wani gajeren mutum mai usur a wuya, sai zufa yake yi kamar shi ne ya ji ciwon. Kyaftin Mirgani ke nan, mai horar da kulob ɗin unguwarmu. Kawu ya taɓa idon sawun sau ɗaya, ya ja baya ya ce min, "Taɓa." Na taɓa. Ya ce, "Karaya ce ko targaɗe?" Na ce targaɗe. Ya ce, "To ɗaure." Na ɗaure, shi kuwa Abdulƙadir sai kallon rufin ɗaki yake yana salati. Da aka gama, Kyaftin ya roƙi Kawu ya riƙa zuwa fili ranar wasa. Kawu ya ce, "Ni da gemuna ba zan bi ƙattai masu gajeren wando ba. Ga Haruna nan, ku je da shi." Haka na shiga ƙwallon kwando, ban ma san mutum nawa ke buga ta ba.

Kayan aikina a lokacin ba su cika jaka ba. Man riɗi a kwalba, almakashi, allura da zare, bandeji da nake wankewa in shanya in sake naɗewa, sai filasta in an samu. Ƙanƙara kuwa dunƙule guda nake ɗaukowa daga masana'anta, in binne ta a cikin ɗusar katako a buhu, in ɗaura a bayan keke. Kafin in iso fili rabi ya narke a bayan jallabiyata. Filin siminti ne, ba rufi, rana ta dafa shi tun safe, har magariba in ka taka za ka ji zafi ta cikin takalmi. Takalman kuma na yadi ne masu siririn ƙasa. Don haka rabin aikina bororo ne. In zura allura da zare ta cikinsa, in bar zaren ya tsotse ruwan, in rufe, gobe mutum ya sake hawa a kai. Wanda bai iya ba sai ya yanke fatar, ya kwantar da ɗan wasa mako guda.

To, ga abin da kuke tambaya. A wancan zamani sunaye goma sha biyu ake rubutawa, amma mutum biyar ke wasa. Biyar ɗin nan su za su fara, su za su gama. Kuma wallahi 'yan wasa ne. Abdulƙadir in ya tsaya ƙarƙashin kwando ya ɗaga hannu, sai ka ga abokan hamayya suna ta zagaye kamar masu neman ƙofar gida. Akwai wani mai rarraba ƙwallo da ke aikin fasa dutse da rana, in ya jefa maka ita sai tafinka ya yi ja. Sun san numfashin juna. Ɗaya zai jefa ƙwallo wurin da babu kowa, kafin ta sauka ɗan'uwansa ya iso. Aikina shi ne in tsayar da mutum biyar ɗin nan a kan ƙafafunsu har usur na ƙarshe. A hutun rabin lokaci ƙafa goma ke jirana, ni kuwa hannu biyu gare ni. Sai in fara da wanda ya yi shiru, don mai ihu yawanci da sauransa.

Sauran bakwai ɗin fa? Suna benci. Ɗaya mahaifinsa ne mai motar da ke kai mu wasa ƙetaren gada. Ɗaya murya gare shi, shi ke ba 'yan kallo waƙa. Biyu 'yan'uwan wani babba ne a kulob. Suna zaune da rigunansu fes, suna ɓarzar tasali, 'ya'yan kankanan nan da ake soyawa da gishiri, har ɓawo ya taru a gabansu. Wata rana ana dab da tashi, Abdulƙadir ya cika laifinsa na biyar, alƙali ya fitar da shi. Kyaftin ya juyo ya daka tsawa, "Canji!" Mutum bakwai suka dubi juna. Wanda aka nuna, ɗan mai mota, ashe ya cire takalmi yana shan iska, bakinsa cike da tasali. Ya shiga igiyar takalmi na jan ƙasa. Da aka jefo masa ƙwallo sai ya mayar wa mai ita nan take, kamar an miƙa masa garwashi. Har alƙalin wasa sai da ya yi dariya. Mun ci wasan duk da haka, kuma shekara da shekaru in aka haɗu wurin mai shayi sai an tayar da maganar.

A cikin bakwai ɗin akwai wanda ba ya cin tasali. Usman, malamin firamare a unguwar Umbadda. Da keke yake zuwa, ba ya fashin atisaye, in an tashi shi ke tsayawa yana jifa daga kusurwa shi kaɗai har a kira sallah. Ranar wasa kuwa ya zauna a ƙarshen benci ya harɗe hannu, idonsa a fili. Ba a taɓa miƙo min ƙafarsa ba, don babu abin gyara a ƙafar da ba ta wasa.

Sai shekarar wahala ta zo. Lokacin ne samari suka yi ta tafiya ƙasashen Larabawa neman aiki, kowane gida an yi rakiya. A kaka ɗaya uku daga cikin biyar ɗinmu suka tafi, har da mai fasa dutse. Ba wanda ya ga laifinsu, kowa da iyayen da yake ciyarwa. Wutar lantarki ma ta yi wuya a shekarar, masana'antar ƙanƙara ta fi kwana a rufe, sai na koma jiƙa tsumma a ruwan randa ina naɗawa. Biyun da suka rage suka ɗauki nauyin mutum biyar. Muka yi ta shan kashi, har ya zamana wasa ɗaya ya rage: in mun ci mu tsaya, in an ci mu mu faɗa rukuni na biyu, inda kulob ɗinmu bai taɓa zuwa ba tun kafa shi.

Ana saura 'yan kwanaki, Abdulƙadir ya sauko daga tsalle a atisaye, gwiwarsa ta yi wata ƙara da na ji daga inda nake. Kafin gari ya waye ta zama kamar ƙwarya. Na riƙe cinyar da hannu ɗaya, na ja ƙwaurin da ɗayan, sai na ji yana zamowa gaba kamar aljihun tebur. Kyaftin na tsaye a kaina.

"Ɗaure ta da kyau, ya Harun. Wasa ɗaya ne."

"Kyaftin, ɗauri ba zai riƙe wannan ba. Abin da ke riƙe ta daga ciki ne ya saki."

Abdulƙadir ya ce, "Ƙafata ce ko taku? Ni na ce zan shiga."

Ban yi musu da su ba. Na ce mu je wurin Kawu. A lokacin ya tsufa, idonsa ya kusa tafiya, yana zaune a ƙofar gida da carbi. Ya shafa gwiwar a hankali, ya ja ta kamar yadda na ja, ya sake ta. Sannan ya ce da Larabci don kowa ya ji, "Ɗana, in ka huta mata za ta yafe maka. In ka yi tsalle a kanta jibi, a zaune za ka yi sallah har ƙarshen ranka." Kyaftin ya cire hularsa ya goge fuska da ita. Mutum ne da ya ba kulob ɗin nan ƙuruciyarsa, kuma ya san in muka faɗi shi za a zaga a kasuwa. Ya ce, "Kalas, shi ke nan. Ba za ka shiga ba." Abdulƙadir ya tashi da ɗingishi ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Ranar wasan, Kyaftin ya dubi bencinsa tun daga farko har ƙarshe, kamar mai neman abu a ɗakin da bai saba shiga ba. Ya ce, "Usman, kai za ka fara." Usman ya zo ya zauna a tabarmata ya miƙo ƙafa. Tafin sawunsa sumul, ba kanta ko ɗaya, amma da na kama ɗambubunsa sai na ji kamar icen gawo. Keken Umbadda ya yi aikinsa. Ina ɗaurewa ina jin ƙafar na ɓari. Na ce, "Ustaz, tsoro?" Ya ce, "Wallahi ko ranar da sufeto ya shigo ajina ban ji haka ba."

Da farko ya yi ta kuskure. Ya ba abokin hamayya ƙwallo a hannu, ya taka layi, 'yan kallo suka fara gunaguni. Can aka manta da shi a kusurwa, ƙwallo ta same shi, ya ɗaga ya jefa. Ta shiga, ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Ya sake, ta sake shiga. Ya ƙara. Wani tsoho a bayana ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wannan daga wane kulob kuka sayo shi?" Na ce, "Namu ne, ya Haj. Shekarunsa nawa a gabanka." Filin ya ɗauki ihu, mai waƙarmu ya sa sunan Usman a waƙa nan take. Amma mutum ɗaya ba ya cin wasa, sauran da aka ɗebo daga benci kuma numfashinsu ya ƙare tun kafin a yi nisa. Aka ci mu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Muka faɗi.

Bayan an watse muna zaune a kan siminti. Usman na kwance bandejinsa da kansa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kyaftin, da kana saka mu ko kaɗan-kaɗan tun da can, da yau mun san hanyar kwando." Na zaci Kyaftin zai yi faɗa. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Maganarka gaskiya ce, ya Ustaz." Ba a daɗe ba ya cire usur ɗin daga wuyansa ya rataya wa Usman, shi kuma ya koma kujerar 'yan kallo. Abdulƙadir ya warke, ya zo har gida ya gaida Kawu, daga baya shi ma ya bi 'yan'uwansa ƙetaren teku.

Zamani na biyu na Usman ne. Dokarsa ɗaya: duk wanda aka rubuta sunansa sai ya taka fili kafin hutun rabin lokaci, ko ana cin mu ko muna ci. An zage shi a kan haka, an ce yana wasa da kulob kamar ajin firamare. Bai fasa ba. Ya riƙa hawa kekensa yana bin unguwannin bayan gari, inda 'yan kudancin ƙasar nan suka zauna, yana dawowa da samari dogaye kamar giginya waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallo ba. A cikinsu akwai Majok. Aikin farko da na yi masa yatsa ne. Ƙwallo ta daki kan ɗan yatsansa ya goce ya kalli gefe, ya zo yana nuna min yana dariya, wai in duba yatsansa na nuna hanyar gidansu. Na ce ya gaya min sunan ƙauyensu. Yana cikin faɗa na ja na mayar. Ya dubi yatsan, ya dube ni, ya ce, "Ammu, ai ban gama ba." Na haɗa shi da maƙwabcinsa na naɗe da filasta, ya koma fili.

Aikina ya ninka. Da ƙafa goma nake yi, yanzu ashirin da huɗu, kuma kowace da halinta. Wannan sai an ɗumama masa agara kafin ya fara gudu, wancan in ka matsa masa da ƙarfi sai ya kwana da ciwo. Man riɗi ya daina isa, har maiɗakina Hajara ta fara ɓoye na girkinta a cikin akwatin tufafi. Amma na lura da wani abu: manyan raunuka sun ragu. Mutum in ya gaji ne yake sauka a karkace. In aka fitar da shi ya sha ruwa ya huta, sai ya koma da hankalinsa a ƙafarsa. Muka hau rukunin farko, muka zauna da ƙarfinmu. Da ƙasar ta rabu biyu, kudu ta ɓalle, Majok da 'yan'uwansa suka tafi gida, muka raka su tasha da kuka da dariya. A wannan karon kulob bai durƙushe ba, don akwai waɗanda suka saba shiga a bayansu. Usman ya cike gurbin da yaran unguwar Alhilla Kuku da irinku ɗalibai, 'yan Nijeriya da Nijar, ga mu a zamani na uku.

A zamanin nan ne aka kawo mana Dakta Salma, wadda ta karanci gyaran jiki a jami'a. Tana aiki a asibiti, ranar wasa kawai take zuwa. Na zaci za ta kore ni da kwalbar maina. Sai ta zauna kusa da tabarmata tana kallon hannuna, tana tambaya. Ita ta hana ni murza sabon kumburi, ta ce ƙanƙara tukuna, a ɗaga ƙafar sama, tausa sai bayan ya lafa. Wata rana na taɓa sawun wani yaro na ce targaɗe ne, ta ce a dai kai shi hoto. Hoton ya nuna 'yar tsagewa siririya wadda yatsuna ba su ji ba. Tun ranar, in ta ce hoto, ni ke tare raksha, babur ɗin hayan nan mai ƙafa uku. Ita kuma in tana shakka sai ta ce, "Ammu Harun, zo ka ji min wannan."

Yanzu ku ce in yanke muku hukunci. A cikin yaran yau babu wanda zan ajiye kusa da Abdulƙadir, mutum da mutum. In aka ce biyar da biyar, ba canji, a kan simintin nan mai zafi, na da za su cinye su tun ba a je ko'ina ba. Amma wasan ma ya canza. Da kashi biyu ake yi, ana tafiya da ƙwallo a natse. Yanzu kashi huɗu ne, ana matsa maka tun daga ƙarƙashin kwandonka, gudu ba tsayawa. Babu ƙirjin da zai ɗauki wannan daga farko har ƙarshe. In kuna son auna ƙungiya, ku bar kallon biyar na farko, kowa na da su. Ku dubi na takwas da na tara, ku ga ko in an kira su suna tashi da sauri ko sai sun waiwaya. Kuma kada ku ce bencin da babu 'yan wasa a kansa. Ba wanda ya sani, don ba a gwada su ba. Usman nawa ne suka tsufa a zaune a kulob-kulob na garin nan? Ni ɗaya kawai na gani, shi ma sai da masifa ta tashe shi.

Bari in ƙarasa muku da wasan kofi, wanda wasunku ba su iso ƙasar nan ba aka yi shi. Mun kai wasan ƙarshe, za mu kara da wani babban kulob na ƙetaren kogi da ya ɗauko ƙwararru biyu daga waje. Ana tsakiyar zafi, irin wanda ko fanka iskar wuta take hurawa. Muna ɗumama jiki sai na ji an rufe min ido ta baya da wasu manyan hannaye. Na shafa yatsun na ce, "Abdulƙadir." Ya dawo gida ke nan bayan shekaru, gemu ya yi fari, tumbi ya fito, amma tafiyarsa miƙe. Ya buga gwiwar da tafi ya ce, "A tsaye nake sallah, ya Harun. Allah ya jiƙan Kawu." Ya zauna a bayan bencinmu, ya dubi yaran ya taɓe baki. Ya ce wa Usman, "Waɗannan? Mu biyar da mun cinye su kafin shayi ya huce." Usman ya ce, "In ka gaji fa, wa zai canje ka?" Ya ce, "Kai mana." Usman ya ce, "Ni ai ba ku san ina nan ba." Suka rungume juna suna dariya.

Kashi biyu na farko ƙwararrun nan sun wahalar da mu. Duk inda suka jefa sai ta shiga, magoya bayansu na ta buga ganga. Usman ko a jikinsa. Yana ta canji, biyu su fito biyu su shiga, kowane sabo ya manne wa ƙwararrun kamar ƙaya a riga. Abdulƙadir na ta ihu daga baya, "Bar wancan a ciki, hannunsa ya yi zafi!" Usman ya yi kamar bai ji ba. A kashi na uku na ga babban nasu ya dafa gwiwoyinsa lokacin da ake jifan laifi. Na taɓa Dakta Salma na nuna mata. A kashi na huɗu jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ya zauna a ƙasa. Mai horar da su ya juya ya dubi bencinsa, na gane kallon nan sarai. Mu kuwa Usman ya kira Laminu, ɗan Maraɗi, mafi gajarta a kulob, wanda a lissafi shi ne na tara. Laminu ya shiga da sabuwar ƙafa cikin mutanen da suka gaji. Ya sace ƙwallo ya zura. Suka fito da ita, ya sake sacewa. Daga nan muka wuce su, ba su ƙara kamo mu ba.

Da aka busa usur na ƙarshe, ni da na yi shekaru ina hana mutane sauka a karkace, na daka tsalle da tsufana. Na sauko a kan ruwan ƙanƙarar da ya zube gefen benci. Ƙafata ta lanƙwashe, na ji ta sarai, tun kafin in kai ƙasa na san targaɗe ne. Yara suka bar kofi suka yo kaina. Abdulƙadir ya ture su ya ɗauke ni cak kamar jariri ya ajiye a kan benci, yana dariya har da hawaye. Dakta Salma ta sa ƙanƙara ta ɗaure, ta ce mako biyu ba ni ba tsugunno. Laminu ya kawo kofin ya ɗora min a cinya, wai in riƙe ya rage zafi.

Usman ya tsaya a kaina yana murmushi. Ya juya ya daka tsawa irin ta Kyaftin Mirgani, "Canji! Wa zai canji Ammu Harun?" Aka fashe da dariya. Ya bi bencin da kallo tun daga farko har ƙarshe, 'yan wasa goma sha biyu, kowa da wanda zai shiga a madadinsa. Sai dariyar ta ɗan lafa. Ranar Asabar akwai atisaye, Dakta na asibiti, ga ƙafa ashirin da huɗu, kuma duk filin babu wanda ya san ta inda ake fara naɗa bandeji.

Na je atisayen a raksha, na yi aikin a zaune, ƙafata a kan bokiti. Ta warke tuni, alhamdu lillahi. Amma har yau in Usman ya kira canjin nan ba mai tashi. Gobe bayan la'asar ina nan a gefen fili. Wanda zai zo koyo, ya yanke farcensa tukuna.